Kumfa da Igiyar Shanya

Duk wanda ya san filin masu wanki da ke bayan Ƙofar Kaura ya san Muttaka, ko bai san sunansa ba ya san farar rigarsa. Mutum ne da zai wuni yana dirzar dattin jama'a, amma ya tashi da yamma fes, sai ka rantse daga ofis ya fito. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da ya baro ƙauyensu can gaba da Batagarawa, inda matarsa Zinariya take da yara, ba ya leƙa su sai ƙarshen wata. A birni ba shi da kowa sai bahonsa da dutsen gugarsa da ɗan shagon da yake kwana a bakin filin. Ba shi da faɗa, ba shi kuma da hira. Tsabta ce kawai Allah ya ɗora masa, har abokan sana'arsa suna tsokanarsa cewa ko sabulu sai ya ɗauraye shi kafin ya yi wanki da shi.

To, irin wannan mutum ne ya wayi gari da kare.

Yadda aka yi kuwa, sau biyu ana kwashe kaya daga kan shanya lokacin da kowa ya tafi sallar azahar. Aka yi ta shawarar abin yi, sai mai kawo musu gawayi daga ƙauye ya zo da wani ɗan kwikwiyo a cikin buhu, fari, kunnensa ɗaya ja. Kowa ya noƙe. Da yake Muttaka ne mai kwana a wurin, sai aka jingina masa. Ya je ya tambayi limamin unguwa, aka ce masa kare don gadi babu laifi, sannan ya karɓa. Ya sa masa suna Kumfa, don ga shi fari, ga shi ba ya zama wuri ɗaya.

In ka tambayi Muttaka sai ya ce maka don gadi yake ajiye da shi. Ƙarya yake yi, ko da yake shi kansa bai san ƙarya ba ce. Kafin wata biyu son ɗan kwikwiyon nan ya shige shi. Shekara ashirin yana buɗe ƙofar shago da safe babu mai murnar ganinsa, yanzu ga wata halitta da ke neman karya ƙugunta da kaɗa wutsiya don kawai ya fito. Amma duk da haka bai taɓa sa masa hannu ba. Kwanon abinci ma da ƙafa yake tura masa.

Ana nan, ranar wata Talata da hantsi, Muttaka ya wanke babbar rigar Alhaji Sadiq, farar shadda mai aiki, ya sa mata sitaci ya baza ta a kan ciyawa. Alhaji Sadiq tsohon ma'aikaci ne daga Ƙofar Kwaya, shi ne mutum na farko da ya fara ba Muttaka wanki a birnin nan, tun yana yawo gida-gida da ƙullin kaya a ka. Kumfa ya fito daga kwatar da ruwan wanki ke bi, ƙafafunsa jage-jage da taɓo, ya hango rigar nan shimfiɗe, ya nufe ta da gudu. Muttaka ya ƙwalla masa kira, ya sake, ya sake, har muryarsa ta dishe. Kumfa ya ɗauka wasa ake. Ya bi ta kan rigar ya wuce, ya juyo ya sake bi.

Muttaka ya sake wanke ta har sau uku. Da ya kai ta, bai ɓoye ba, ya faɗa wa Alhaji abin da ya faru. Alhaji ya shafa gemu.

Can ya ce, "Muttaka, da wannan rigar nike zuwa masallaci." Bai ƙara komai ba, kuma da zaginsa ya yi da ya fi wa Muttaka sauƙi.

Da yamma Malam Mannir, shugaban masu wankin filin, ya tara su a gindin dalbejiya. Ba mugu ba ne, amma shi ke ɗauke da sunan wurin a kansa.

Ya ce, "Magana ta fara yawo cewa kare na taka kayan mutane a wajenmu. In ta bazu, dut sai mu koma gona. Saura sati uku mu shiga wankin Babbar Sallah. Ran Asabar ɗin da za mu fara, za mu baza kaya, a saki karen nan. In ka kira shi ya zo, ya zamna. In bai zo ba, masu mota na nan tahe ran kasuwa."

Kowa ya san masu motar da yake nufi, masu zuwa da keji suna sayen karnuka su yi nisa da su. Kowa kuma ya san karen da ya shiga wannan mota ba ya tsufa. Muttaka ya ce to. Da ya koma bakin shago ya tarar da Kumfa yana kokawa da wani tsohon silifa, sai ya ji tuwon da ya saya ya fita ransa.

Washegari ya kwance igiyar shanya guda, doguwa mai kai taku ashirin, ya yi zarge ya zura a wuyan Kumfa da tsinin sanda. Dabararsa ita ce ya bar shi ya yi nisa, ya kira, in bai zo ba ya jawo shi. Haka kuwa aka yi. Ya kira, Kumfa ya ƙi, ya ja. Kumfa ya kafe ƙafafu huɗu a ƙasa, ana jansa yana shara da gindi, idanu waje. Kwana huɗu ana wannan, abin da Kumfa ya koya kawai shi ne da zarar ya ji sunansa ya nemi inda zai ɓuya.

Akwai wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a bakin filin, sunanta Tani. Tun da asuba take hura wuta, don haka komai a kan idonta ake yi. Rana ta biyar Muttaka ya je sayen ƙosai.

"Ina kwana, Inna?"

"Lahiya lau, Muttaka. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. Ya kasuwa?"

"Da godiya. Ya zahi?"

"Lokacinshi ne."

"Ya labarin mutan gida?"

"Suna lahiya, jiya ma mun yi waya."

"Madalla." Ta juya ƙosai a cikin mai, ba ta ɗago ba. "Wai ni kam in tambaye ka. Ruwa kake ja a rijiya, ko kare kake koya ma kira?"

Muttaka ya sosa ƙeya. "Koya mashi nike, Inna."

"Ɗauko shi in gani. Amma kar ka ja. Saki igiyar ta kwanta ƙasa, ka taka bakinta da ƙafa."

Ta miƙa masa ƙosai ɗaya. Ya taka igiyar, ya nuna wa Kumfa ƙosan daga nesa, ya kira shi. Kumfa ya yi jim, ƙanshi ya rinjaye shi, ya taho da gudu, kunnen nan ja yana lilo. Saura taku biyu ya iso sai Muttaka ya tattare rigarsa ya yi baya, ya ɗaga hannuwa sama.

"Kai! Kai! Tsaya nan!"

Ya jefa masa ƙosan. Kumfa ya maƙale wutsiya ya ɗauka ya koma can nesa ya ci.

Tani ta yi dariya har tana share ido da bakin gyale. "Ka ga abin da ka yi?"

"Mi na yi?"

"Bakinka ya ce zo, jikinka ya ce tahi. Kare kau jiki yake saurare. Tun yana jariri in ya rugo wurinka haka kake mashi, ina zamne ina kallo. Kai ke kira, kai ke kora. To don mi zai zo?"

Muttaka ya tsaya sororo. Wallahi bai san yana yi ba. Ya ce, "Inna, hannun nan kayan mutane yake taɓawa. Ga alwala, ga tufafin sallah."

"Ubana mafarauci ne," in ji Tani, "karnukanshi tara. Yana da wata tsohuwar taguwa da ba ya sa ta sai in zai shiga cikinsu. In ya gama ya tuɓe ya rataye, ya wanke jikinshi, ya shiga sahu. Ruwa bai ƙare a duniya ba, ɗan nan. Kai da ke kwana ka tashi cikin sabulu, kai ne mai tsoron datti? Lalle wanzami ba ya son jarfa."

Tana kwashe ƙosai tana ci gaba da magana, kamar da kaskon take yi. Ta ce igiya ba ta ja ba ce, amfaninta kawai kar ya samu hanyar tafiya in an kira shi. Kira kuma sau ɗaya ne. Wanda ya kira sau goma ya koya wa kare cewa tara na farko ba komai ba ne. In ya zo a yi murna da shi, a ba shi ɗan abin taɓawa, sannan a sake shi ya koma wasansa, don kar ya ɗauka duk kira ɗauri ne.

"Sauran kuma ba a igiya yake ba," ta ce. "Durƙusa. Ka buɗe hannu."

Muttaka ya yi godiya ya tafi, yana jin haushinta kaɗan, irin haushin da akan ji na wanda ya faɗi gaskiya.

Can ƙasan buhunsa akwai wata tsohuwar rigar noma da ya daɗe bai sa ba. Da gari ya waye, bayan ya dawo daga masallaci, kafin sauran masu wanki su iso, ya tuɓe farar ya sa ta. Ya sayi ƙosai ya gutsuttsura a aljihu. Ya bar Kumfa ya yi nisa iyakar igiya, ya waiga hagu da dama, babu kowa sai Tani da hayaƙinta. Ya durƙusa.

"Kumfa, zo."

Kumfa ya ɗago kai. Bai taɓa ganin mutumin nan a ƙasa ba. Ya taho a hankali, yana tafe yana shinshina, har ya kawo taku biyu. Nan ya tsaya cak, daidai inda aka saba korarsa, ya zauna yana jira a jefo masa. Muttaka ya miƙa hannu da ƙosai a tafinsa. Kumfa ya dubi ƙosan, ya dubi fuskarsa, ya ƙi matsowa.

Nan ne abin ya soki Muttaka. Ashe duk watannin nan shi ya ja wa ɗan kwikwiyon nan layi a ƙasa, shi kuma ya kiyaye. Kunya ta kama shi, da tausayi.

Kwana uku suka ɗauka kan taku biyun nan. Rana ta uku Kumfa ya miƙo wuya ya ɗauki ƙosan daga tafinsa, hancinsa mai sanyi ya taɓa shi. Muttaka ya ji tsigar jikinsa ta tashi, ƙafarsa ta nemi ja da baya, ya danne. Ya ɗora hannu a kan haƙarƙarinsa. Ɗumi ya ji, da zuciya tana bugawa da sauri kamar ta ɗan tsako. Bai taɓa tunanin haka jikin kare yake ba. Ya daɗe a haka, har Kumfa ya gaji ya kwanta ya ba shi ciki.

Tani tana kallo daga bakin kaskonta. Da ya wanke hannu ya canja riga ya zo wucewa, sai ta ƙara masa ƙosai biyu a takarda.

Daga nan abu ya fara tafiya, ko da yake ba kullum gaba ba. Wata rana Kumfa ya zo tun kafin a rufe baki. Wata rana ƙadangare ya gifta ya manta da duniya, sai igiya ta tsayar da shi. Muttaka ya taka ta ya yi shiru, ya jira har ya waiwayo da kansa, sannan ya buɗe hannu. Sau ɗaya haƙurinsa ya ƙare ya daka masa tsawa, suka koma baya da kwana biyu. Ya ƙulla igiya ta biyu a kan ta farko, nisa ya ninka. Ya baza tsofaffin buhuna a kan ciyawa a madadin kaya, yana kiransa daidai lokacin da zai taka. A sati na uku ya daina riƙe igiyar gaba ɗaya, Kumfa yana yawo yana janta a bayansa, yana zuwa in an kira.

Sai dai duk wannan da sassafe ake yi. Da zarar ya hango keken mai wanki na farko, Muttaka zai ɗaure Kumfa a bayan shago, ya wanke, ya sa farar rigarsa, ya koma Muttakan da aka sani.

Ana jibi gwaji Tani ta ce masa, "Kare ya iya. Kai ne ban sani ba."

"Kamar yaya, Inna?"

"Gaban mutane za a yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Shi ma abin da ke cin ransa ke nan.

Ran Asabar filin ya cika da kaya tun hantsi, igiyoyi sun yi nauyi, ciyawa ta ɓace ƙarƙashin shaddodi. Muttaka ya ɗauko rigar noman ya duba, ya tuna yadda Mannir da sauran za su dube shi, ya mayar da ita buhu. Da farar ya fito. Kamar haɗin baki kuma, daidai lokacin Alhaji Sadiq ya iso a mota da ƙullin kayan Sallarsa. Aka gaisa aka tambayi iyali. Da ya ji abin da ake shirin yi sai ya ce bari ya tsaya ya gani.

Muttaka ya kwance igiya daga wuyan Kumfa. Rabon Kumfa da ya ji wuyansa sakayau sati uku ke nan. Ya girgiza jiki, ya tafi yana shinshine-shinshine, ya tsallaka kwata ya tsoma ƙafa a ciki kamar yadda ya saba. Mannir ya ce a bar shi ya ƙara nisa tukuna.

Ba su kai ga cewa a kira ba Allah ya kawo nasa gwajin. Wani ragon layya da ake ja a bakin titi ya fizge daga hannun mai shi, ya faɗo filin a guje, ya bi ta tsakiyar shanya yana tattaka kaya. Rago dai rago ne, babu wanda zai ce ya ɓata tufafin sallah. Amma Kumfa ya gan shi, ya miƙe kunnuwa, ya rufa masa baya. Masu wanki suka ɗauki ihu, wani ya rarumi dutse.

Muttaka ya ji kira goma sun taru a maƙogwaronsa. Ya haɗiye tara.

"Kumfa, zo."

Saura ƙiris ƙafar Kumfa ta sauka a kan shaddar farko. Ya ci birki har ƙasa ta tashi. Ya dubi ragon da ke ƙara nisa, ya waiwayo. Sannan ya juyo gaba ɗaya ya taho da gudu, taɓo na fallatsa daga ƙafafunsa.

Da ya kawo taku biyu sai ya rage gudu, ya tsaya. Mutumin da ke gabansa a tsaye yake, da farar riga, kuma wannan mutumin ya san shi. Ya sauke wutsiya yana kallonsa.

Muttaka yana jin idon Mannir a kansa, da na sauran, da na Alhaji Sadiq a gefen damarsa. Ya riga ya ci gwaji. Kare ya zo, kowa ya gani, ko a nan aka tsaya babu mai cewa komai. Abin da ya rage tsakaninsa da Kumfa ne. In ya bar shi a tsaye a wurin nan yau, ya san gobe zai yi tunani kafin ya zo.

Ya durƙusa ya buɗe hannu.

Kumfa ya faɗo ƙirjinsa da ƙafafu biyu. Taɓo ya zana farar rigar daga wuya har ciki. Wani ya ce subhanallahi, wani ya tuntsire da dariya. Muttaka ya riƙe shi yana shafa kansa yana cewa, "Madalla, madalla, yaron kirki," da wata murya da ba su taɓa jin ta a bakinsa ba.

Mannir ya yi gyaran murya. "To, gani ya kori ji. Kare ya zamna."

Alhaji Sadiq bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana duban hannuwan nan da suka shekara ashirin suna ninke masa riguna. Sannan ya sunkuya da kansa ya ɗauki ƙullin kayan da ya kawo.

"Muttaka, ban ce ka yi laifi ba. Amma zuciyata ba za ta natsu ba. Gobe zan aiko a karɓi sauran da ke wajenka."

"To, Alhaji. Na gode da zaman da aka yi. Allah shi saka da alheri."

Ya ji zafin abin ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Tun da suke, bai taɓa barin Alhaji ya ɗauki kaya da hannunsa ba, kullum shi ke kai masa har mota ya rufe ƙofa. Yau yana durƙushe yana kallo tsohon ya ratsa filin shi kaɗai da ƙulli a hammata. Kumfa ya ɗora haɓa a kan gwiwarsa yana haki, bai gama hucewa daga gudu ba, kuma Muttaka bai tashi ba.